Ɗan Damben da Bai Iya Tashi Ba

Kakata, uwar babana, mai ɗori ce. A wurin ubanta ta gada, don bai bar ɗa namiji ba, kuma saboda ita duk ƙauyukan da ke kewaye da Bazaga babu wanda bai san ƙofar gidanmu ba. Inna Kulu ake ce mata. Gajeruwa ce siririya, amma in ta riƙe maka hannu sai ka ji kamar awartaki ne ya kama ka.

Na tashi ina ganin ana kawo mata mutane, wani a amalanke, wani bisa jaki, wani a goye. Kafin ta taɓa kowa tambaya ɗaya take yi: "Mi yas same ka?" In mutum ya ce an buge shi, ko wani abu ya buge shi, sai ta girgiza kai.

"Bugu ba guda na ba, ɗana. Jaki yah harbe ka, ko rago yat tunkuye ka? Sanda anka kwaɗa maka, ko hwaɗuwa kay yi bisa hannun? Kowane da irin ɓarnad da shika bari cikin ƙashi. Hwaɗa mani sunanshi, in san inda za ni nema."

Sai ya faɗa, ta lalluba, ta ja, ƙato ya yi ta kiran uwarsa, ita ko ido ba ta ƙiftawa. Ta jera karan dawa, ta naɗe da tsumma, ta ce a dawo da shi bayan kwana bakwai.

Da an yi sallar magariba takan hura ƴar wutarta a ƙofar ɗakinta, don ta narka man shanun da take murza wa masu targaɗe da safe. Wutar nan ita ce makarantarmu ta farko. Ni da yayata Hadiza da ƴaƴan maƙwabta mukan kewaye ta, ta watsa mana gujiya cikin toka, ta jefa ɗanyen ganyen dogon yaro don sauro. Har yau in na shaƙi hayaƙin dogon yaro sai in ji bakina yana neman gujiya mai zafi. Ni "angona" take ce mani, kuma kullum ni take ba wa mafi ƙonewa, wai miji ba ya ƙin abin da matarsa ta dafa. In muka natsu sai ta ce, "To, ga ta nan tahe, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta shigo mu gan ta."

Akwai abu ɗaya da ya daɗe yana damuna ina yaro. Babana ɗan farinta ne, kuma ita mutuniyar da ce, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, ko yana tsaye a gabanta, mu take duba ta ce, "Ku ce ma wancan katanga tana son yaɓe." Da safe yakan durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon kaji. Ƙannensa kuwa har wasa take yi da su. Ni dai a lokacin na yanke cewa ba ta son babana ne.

Shekarar da nake son ba da labarinta, ina da kamar shekara tara. Damina ta yi kyau, irin kyan da tsofaffi ba sa son a yawaita faɗa. Hatsinmu ya fi tsawon mutum, ya fitar da kai, ya fara ɗaukar ido. Babana har ya sake yaɓe rumbu. Ran nan da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, aka yi ta murna. Da ya sauko ba ruwa ba ne, ƙanƙara ce, wata ta kai ƙwan zabo. Ba ta daɗe ba, iyakarta mutum ya dama fura ya sha. Amma da muka je gona washegari, hatsin yana kwance kamar an yi sussuka a kansa. Ta bi layi guda ne, ta bugi gonarmu da gonaki biyar ko shida, ta tsallake sauran.

Babana ya duba gonar ya juyo gida. Yana da abin dogaro na biyu, amalankensa da jakinsa, wanda yake kai wa mutane kaya kasuwar Konni da su. Kwana uku bayan ƙanƙarar, yana tsallake wani kwari da ruwa ya zaizaye, gefen hanya ya zabtare. Amalanke ya kife, ƙarfen ƙafafun ya karye, jakin ya faɗa ƙarƙashi ya karya gadon baya. Kafin rana ta faɗi ya mutu. Babana ko ƙwarzane bai yi ba. Mutane suka yi ta zuwa barka, suna cewa Allah ya kiyaye, tunda rai ya tsira ai komai mai sauƙi ne. Yana amsawa da amin. Da suka watse ya shiga ɗakinsa ya kwanta, ya juya fuska ga bango.

Kwana tara ya yi a ciki. Alwala kaɗai ke fito da shi, a ɗaki yake salla. Innata ta kai fura, ta ɗauko ta yadda ta kai ta. Liman ya zo, abokansa sun zo, kowa ya fito yana girgiza kai. Gidan ya yi tsit, har mu yara muka daina guje-guje. Na ji innata tana roƙon Inna Kulu ta shiga ta yi masa magana, Inna Kulu ta ce, "Ni? Mi za ni ce mashi? Ƙashi nika ɗorawa." Amma na lura ta daina cin goro, kuma tana yawan tsayawa da tsintsiya a hannu ba ta shara.

A rana ta tara, bayan magariba, ta fito da garwashinta a kasko kamar kullum, sai ta tsaya ta ce iska ta juya, hayaƙi yana shiga mata ɗaki. Babu wata iska. Ta ratsa tsakar gida ta aje kaskon taku uku daga ƙofar babana, inda ban taɓa ganin ta zauna ba. Ta juya wa ƙofar baya, ta kira mu. Kuma ranar da ƙarfi ta yi magana, kamar mu kurame ne.

Tatsuniyar wani ɗan dambe ce, ɗan mahauta, sunansa Barmo. Wata rana ya tarar da tsohuwa a bakin kwari da ƙunshin itace, ruwa ya hana ta wucewa. Ya ɗauke ta da itacen duka ya tsallakar. Ashe ba mutum ba ce. Ta ce ya roƙi abin da yake so. Ya ce yana so kada bugu ya ƙara taɓa jikinsa har abada. Tsohuwa ta ciro zare daga bakin zanenta ta ce, "Kira su da sunansu. Wanda duk ka kira, in ƙulle shi nan, ba shi ƙara samunka."

A nan Inna Kulu ta dube mu ta ce mu taya Barmo kira, kada ya manta wani.

Muka fara. Hadiza ta ce mari. Na ce naushi. Wani ya ce rankwashi, ya kuma nuna a kan ƙanensa, aka yi ɗan kuka aka rarrasa da gujiya. Muka kawo dundu, da mangari, da shuri, da zunguri da gwiwar hannu. Muka kawo tsala bulala, da kwaɗa sanda, da jifa, da taɗiya. Da na mutane suka ƙare muka koma kan dabbobi, harbin jaki, tunkuyin rago, sukar sa, saran zakara. Duk wanda muka kira sai ta ƙulla bakin mayafinta ta ce, "An ɗaure." Muka manta da halin da gidan ke ciki, muka yi ta dariya, karo na farko cikin kwana tara.

Ta ce haka Barmo ya yi ta kira har rana ta yi ja, zare ya cika da ƙulli. Tsohuwa ta tambaye shi, "Sun ƙare?" Ya ce sun ƙare. Ta sake tambaya, ya ce sun ƙare. Ta ɗaura masa zaren a damtse ta ɓace.

Shekara bakwai Barmo yana dambe, hannun ɗan Adam bai sauka a jikinsa ba. In an kawo naushi sai ya goce kamar an ture shi. Ya kashe na gabas, ya kashe na yamma, makaɗa suka ƙare masa kirari. Ya tara shanu, ya yi gona wadda doki ke gajiya kafin ya kewaye ta. Ƙasa ba ta san gwiwarsa ba.

"Sai wata shekara," in ji Inna Kulu, tana motsa toka, "hwarin dango sunka sauka gonatai da hantsi, kahin azahar sun tashi. Barmo yaz zaka yat tsaya bakin gona. Babu ko zangarniya guda. Yad dubi gabas, ba wanda yak kai mashi hannu. Yad dubi yamma, ba kowa. Amma yaj ji abin nan tsakiyar ƙirji, awa an ɗauki taɓarya an dankara mashi. Yat taɓa zare, zare na nan. Nan take yah hwaɗi."

Na ce, "Inna, ba an ɗaure duka ba?"

"An ɗaure masu hannu da masu ƙaho da masu kohwato, angona. Wanga ba shi da hannu. Wa zai tuna shi kira sunanshi?"

To, Barmo ya faɗi, kuma ga inda matsalar take: bai iya tashi ba. Ba ƙashi ne ya karye ba. Shekara bakwai bai taɓa ƙasa ba, ya manta yadda ake yi. Yana kwance rigingine kamar kunkurun da aka birkice. Mutanen gari suka zo, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, ya yi musu nauyi kamar dutse. Masu wa'azi suka yi, masu kirari suka yi, makaɗa suka kaɗa masa takensa a kunne, bai motsa ba. Har kwana uku.

A garin akwai wani ɗan dambe, Tanko, wanda yara ke kira Sha-Ƙasa, don bai taɓa shiga fage ya fito ba turɓaya a bayansa ba. Barmo kaɗai ya kayar da shi sau goma sha biyu. Shi ne ya zo a rana ta uku. Bai ja shi ba, bai yi masa nasiha ba. Kwanciya ya yi kusa da shi, rigingine, kamar yadda yake.

Inna Kulu ta ƙara ɗaga murya.

"Yac ce mashi, Barmo, wanga aikina na, kai kak koya mani shi. Kak ka ce za ka miƙe gaba ɗaya, ba a yi hakanan. Juya bisa ciki tukuna. To, kahwa hannu guda. Guda ɗai. Jawo gwiwa. Kak ka dubi mutane, dubi ƙasa, ita ka tura ka. Huta nan in ka gaji, durƙuso ma ya hi kwanciya."

Yadda ta kwaikwayi Tanko yana birgima a ƙasa ya sa muka yi ta ƙyalƙyala dariya. Ta ce da haka da haka Barmo ya durƙusa, ya dafa kafaɗar Sha-Ƙasa, ya miƙe. Ya tsinke zaren ya jefar. Ya koma dambe, wata rana ya kayar, wata rana a kayar da shi, kuma ya fi jin daɗin furarsa.

"Ta ƙare nan, kan ɓera ya ƙone cikin toka. In ƙarya ta, ta tsohuwar kwari ta, ba tawa ba."

Ta tattara kaskonta ta koma ɗakinta, ko waiwayen ƙofar ba ta yi ba. Muna shirin watsewa sai muka ji tari daga ciki, sannan muryar babana, a dushe: "Hadiza, kawo mani ruwa." Ta kai masa. Iyakar abin da ya faru ke nan a ranar.

Da safe na farka na tarar yana wasa lauje. Ya tafi gona ya tsinto abin da ƙanƙara ta bari, bai fi dami huɗu ba, ya tara kara da harawar wake. Bayan kaka ya tafi Badagishiri wurin wani ɗan'uwan innata mai lambu, ya yi rani yana jan ruwa yana ba albasa, shi da bai taɓa aikin lambu ba. Shekarar mun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Mun ci kwaɗon tafasa da garin rogo har muka gaji. Amma ba wanda ya mutu, kuma bayan shekara biyu wani jaki ya sake kuka a gidanmu.

Da na shiga kwaleji a Konni, wata rana malaminmu na Ingilishi ya ce Turawa ma kalmomin da suke faɗa wa naushi da mari, su suke ara in za su yi maganar masifar da ta auko ba zato. Ƴan aji suna rubutawa, ni kuwa ina ta murmushi, don tsohuwar da ba ta taɓa zama kan bencin lakwal, wato makarantar boko, ba ta riga shi koya mani. Ban yi nisa a karatun ba. Na bi manyan motoci, na zama direba, na shekara goma sha tara ina ɗaukar siminti daga Malbaza zuwa duk inda aka aike ni. Inna Kulu ta rasu ina hanya, sai kabarinta na tarar. A duk shekarun nan ina riƙe da tatsuniyarta, kuma ina ganin na gane ta sarai: wanda bai saba faɗuwa ba shi ne tashi ke yi wa wuya. Har ina ba wa abokan aiki ita in wani abu ya same su.

Ban taɓa yin hatsari ba, ko akuya ban taka ba, kuma ina alfahari da haka. Sai shekara uku da suka wuce fitilun motoci suka fara zame mani kamar wata a cikin hazo. Na ɓoye, na ƙi faɗa wa kowa, har ranar da na kusa hawa kan wata mata mai tallar nono da rana tsaka. Likita ya duba ni ya ce ciwon suga ne ya taɓa idon, abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma kada in ƙara riƙe sitiyari. A hankali ya faɗa, yana rubutu. Na fito na zauna a bakin titi, na ji abin nan da Inna ta kwatanta, a tsakiyar ƙirji.

Sanin tatsuniyar bai hana ni komai ba. Na koma gida Malbaza na shiga ɗaki na kwanta. Ina tuna Barmo, ina tuna Sha-Ƙasa, ina iya karanto maganarsa kalma kalma, amma jikina ya ƙi. Mako biyu na yi haka.

Matata ce ta aika wa babana. Ya zo da hantsi bisa babur ɗin kabu-kabu, tsoho tukuf, da sandarsa. Ya shigo ya zauna bakin katifa. Can ya ce, "Ka tuna randa tsohuwa tam maido wuta ƙohwar ɗakina?"

Na ce na tuna, Baba. Na ce na san tatsuniyar ce ta tashe shi, amma ni ta ƙi yi mani aiki.

Ya yi ƴar dariya. "Tatsuniya? Ni ko rabinta ban ji ba. Ina ruwana da wani ɗan dambe. Muryatta nika saurare. Tunda ta haihe ni ba ta taɓa yi mani magana mai tsawo hakanan ba. Kuma wurin da tac ce kahwa hannu guda, na ji muryar ta yi rawa. Ku ba ku ji ba, kuna dariya. Macen da ka jan ƙashin ƙato shina kuwwa, ita ko a jikinta. Nic ce ma raina, in niƙ ƙara kwana guda cikin ɗakin ga, ita za ni karyawa, kuma garin nan babu mai ɗora ta."

Shekara talatin da ɗoriya ina ɗauke da labarin nan, ina ganin hikimar tana cikin zare da ƙulli da yadda ake jawo gwiwa. Ashe mu yara ɓawon muka samu. Uwa ce da al'ada ta ɗaure mata baki, ta nemi hanyar da za ta kwanta a ƙasa kusa da ɗanta, ta same ta ta bakin Tanko Sha-Ƙasa. Kuma ni da na girma ina cewa ba ta son sa.

Babana ya ce, "Ni ban iya tatsuniya ba. Amma ka yi shiru ka saurari gidanka."

Na saurara. Gida mai yara biyar, da hantsi, babu motsi. Babu rediyo, babu daka, babu faɗan yara. Sai raɗa-raɗa a bayan ƙofa, da wata ƙaramar murya da ake cewa ta yi shiru, Baba ba ya da lafiya. Mako biyu ke nan suna tafiya da sanɗa a gidan ubansu, ni ban ko lura ba.

Yau a gareji nake aiki. Idon ya rage, amma kunnen direba yana nan, in aka tada inji nakan faɗi abin da ke damunsa kafin a buɗe. Ba irin rayuwar da na tsara ba ce, kuma har yanzu in babbar mota ta wuce da lodi nakan bi ƙararta har ta ɓace. Sai dai na daina ba wa mutane tatsuniyar Barmo da sauri in abu ya same su. Nakan je in zauna tukuna.

Ranar da babana ya zo ɗin, muna zaune har aka kira azahar. Babana ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya miƙo mani hannu.

"Taso ka kama ni. Ni ina da ido, kai kana da ƙahwa. In munka haɗa, mu kai masallaci."

Na sauko daga katifa, na kama shi, muka fito.